Jakin Kakan Korbinian

Jakin da ya tsallake yaƙin duniya biyu da gobarar coci bai tsallake ɗuwawun Korbinian ba.

Ran Alhamis abin ya faru, saura mako guda Kirsimeti. Shekara arba'in da ɗaya ke nan Korbinian yana riƙe da makullan cocin ƙauyen Hinterlahn. Shi ke kaɗa ƙararrawa, shi ke kunna kyandir, shi ne kuma duk ƙarshen shekara yake jera garken haihuwar Yesu a gefen bagadi: Maryamu da Yusufu da makiyaya da sa da tumaki, duk na katako, babu wanda ya wuce tsawon taƙi. Sauran na jama'ar coci ne. Jakin kuwa, mai guntulallen kunnen hagu, kakan kakansa ne ya sassaƙa shi, kuma babu mahaluƙin da bai ji wannan ba a kwarin nan. Duk Lahadin da aka yaye mayafin garken, Korbinian kan tsaya ya yi wa jama'a jawabi a kan hannun mutanen da da lalacewar na yanzu. Yakan sa mutum ya sunkuya ya shinshina jakin, ya ce abin da hancinsa ya ji turaren wuta ne na shekara ɗari biyu.

Ranar nan ya ajiye jakin a kan kujera don ya gyara gansakukar da ake shimfiɗa wa garken. Sai wani ya shigo da dusar ƙanƙara a takalmi. Korbinian ya tashi ya wanke shi tas da faɗa, ya dawo yana huci, ya zauna a kan kujerar. Ƙas! Ƙafa uku da wuya.

Ya gwada gam. Abin da ya fito ya fi kama da akuyar da ta yi tatil da giya. Ya sake ɓalle shi, ya zuba gutsattsarin cikin wata safar ulu, ya kai gida ya cusa cikin takalmin farautarsa.

Ba baƙin ciki kaɗai ke cinsa ba. Akwai Zenzi, gwauruwar da ke cikin kwamitin coci. Shekara uku da suka wuce ya kunyata ta a gaban jama'a don tsumman gogewarta ya taɓa kunnen jakin. Tun daga nan take bin Fada, limamin cocin, tana cewa idon Korbinian ya mutu, hannunsa na rawa, a karɓi makullai a ba surukinta. Idan Lahadi ta zo garke babu jaki, to makullan sun tafi, kuma ƙauyen zai yi shekara ashirin yana ba da labarin abin da ya kashe jakin.

Da cin abincin yamma ya gaya wa matarsa Burgl cewa zai bi zumuntar mata ran Asabar zuwa kasuwar Kirsimeti a birnin Innsbruck. Burgl ta ajiye cokali. Wannan mutumin ne ya shekara arba'in yana kiran kasuwar nan taron masu sayar da sanyi ga wawaye. Ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin takalma, ta ce ya sa dogon wandon ciki.

Mata ashirin da uku ne a bas, sai shi. Tun kafin su sauka daga dutse Zenzi ta fara. Ta tambaye shi ko likita ne ya ba shi kwanaki, da ya tashi ganin duniya. Ya ce ya zo ne ya ga inda kuɗin mazajen ƙauye ke mutuwa. Ta ce nata mijin ya riga kuɗinsa mutuwa, Allah ya ji ƙansa, don haka ita bakinta wanke yake.

Kasuwar ta same shi yadda ya yi zato, har da ƙari. Mutane maƙil tsakanin rumfuna, kowa riƙe da kofin ruwan inabi mai zafi, kowa na taka ƙafar wani yana murmushi. Baƙi suna ɗaukar hoton abincinsu har ya huce. Masu busa ƙaho a kan baranda suna ta fama, leɓunansu sun daskare, waƙar tana fita kamar ana yanka rago. A bayan wata rumfa ya ga mala'ika mai fuka-fukan takarda yana zuƙar taba yana zagin wani a waya. Korbinian ya yi alamar gicciye ya wuce. Da matan suka yi cincirindo wurin mai soya fanke da kabeji mai tsami, ya ce fitsarin tsufa ya kama shi, ya sulale.

Jakuna akwai su. Akwai na roba, akwai mai jar hula, akwai wanda in an danna cikinsa yake rera waƙa. Wata budurwa ta miƙo masa wani da aka barbaɗa wa ƙyalli, ta ce shi aka fi saye bana. Ya tambaye ta ko ta taɓa ganin jaki da idonta. Ta ce ta gani a waya. Yana riƙe da abin yana shirin yi mata wa'azi sai ya ji murya a bayan kunnensa.

"A'a, maigidan Burgl, cinikin jaki ake yi? Na gida ya gaji ne?"

Zenzi ce, bakinta duk maiƙon fanke. Korbinian ya dake. Ya ce yana auna ne ya ga iya zurfin da duniya ta faɗa. Ta ce to ya zo ta saya masa abin ɗumama ciki, don ta ga fuskarsa ta yi fari kamar alli. Ba yadda zai yi. Ya tsaya ya shanye kofi guda mai kirfa da kanumfari, tana kallon aljihun kwat ɗinsa da ya kumbura da safa. Sai da wata ta kira ta ta zo ta ga kyandir, sannan ya samu ya kuɓuce.

Can ƙarshen wani lungu, inda fitilun ado suka ƙare, ya tarar da wata rumfa babu kiɗa babu ƙyalli. Wani tsoho mai yatsu tara yana zaune yana feƙe ƙafar tunkiyar katako. A jikin allo an rubuta Ignaz. Korbinian ya dubi aikin ya ga babu laifi, ko da yake bai kai na mutanen da ba. Ya waiga hagu da dama, ya zazzage safar a kan tebur, ya fara bayani ƙasa-ƙasa cewa wannan kayan tarihi ne, na wani abokinsa.

Ignaz ko wuƙarsa bai ajiye ba. Ya leƙo ta saman tabarau.

"Hinterlahn," in ji shi. "Wannan karon zama aka yi a kansa."

Korbinian ya ce wane karon.

Ignaz ya sunkuya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe. Jakuna biyu ne kwance cikin ciyawa, baƙi-baƙi, kowanne kunnen hagu a guntule, kowanne da ɗan karkacewar wuyan nan da Korbinian kan ce babu mai iya yin irinta a zamanin yau. Sannan ya ɗauki gangar jikin wanda ya karye, ya kifa ta, ya nuna masa wani ɗan tsagi a cikin cinya. Ya ce alamarsa ce. Wannan shi ya yi shi, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Wanda ya gabace shi ma nasa ne. Waɗanda suka gabace su kuwa mahaifinsa ne ya yi su, shi ma ya gaji zanen ne.

Korbinian ya dafa tebur. Ya ce ƙarya ne, katako sabo ba ya yin wannan baƙi, ba ya kuma yin wannan ƙamshi. Ignaz ya ce gaskiyarsa, shi ya sa yake rataye su cikin bututun hayaƙi tare da naman alade su yi hunturu guda, daga nan su yi mako a garken awaki. Kunnen kuwa da filaya yake cire shi.

Korbinian ya tuna hancin mutane nawa ya tura kan jakin nan. Har da na bishop.

Ya tambaya su wane ne suka riƙa zuwa. Ignaz ya ce Fada yana riƙe asirin masu zunubi, shi kuma yana riƙe na masu jaki, kuma shi ma bai taɓa fasawa ba. Abin da kawai zai ce, a duk ƙauyukan da yake wa aiki babu inda ba su iya riƙon jaki ba kamar Hinterlahn. Shi ya sa yake ajiye uku duk shekara.

"Uku? Biyu nake gani."

"Ai kai ne na biyu yau, dattijo. Wata ta riga ka."

Korbinian ya matso kusa. Ya ce wace ce, doguwa ko gajera, da maiƙo a baki ko babu. Ignaz ya ce mace ce dai, kuma ta tsaya a kansa sai da ya ƙara rage kunnen, wai bai guntule daidai ba. Ya koma kan tunkiyarsa.

To, ga jaki ya samu, amma asiri ya riga ya fita. Idan Zenzi ce, Korbinian ya san abin da za ta yi. Za ta bari sai coci ta cika gobe, ya gama jawabinsa, sannan ta zaro nata daga jaka ta ajiye kusa da nasa. Duk da haka ya saya, don babu wata hanya. Ignaz ya naɗe masa a tsohuwar jarida, ya ba shi shawara ya riƙa duba kujera. Ya cusa ƙunshin cikin kwat, ƙafafun suna sukar haƙarƙarinsa.

Ƙarfe huɗu da rabi duhu ya fara, aka taru wurin bas. Ya bi jakunkunan matan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta Zenzi ce ta fi girma, tana kuma rungume da ita. Da ya zo hawa ta tare ƙofa, ta ce ta ga ya fita da ciki ɗaya ya dawo da biyu, me ke ciki, wata nawa. Matan suka fashe da dariya. Ta miƙa hannu za ta taɓa.

Burgl ce ta yi magana daga baya, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce kyautarta ce ta Kirsimeti, shekara arba'in da huɗu tana jira mutumin nan ya saya mata wani abu da ba tsintsiya ba, duk wadda ta ɓata mata wannan za ta gamu da ita. Matan suka yi ta sa masa albarka. Zenzi ta janye hannu.

Suka zauna a kujerar baya. Bas ta fara hawan dutse, matan suka ɗauki waƙa. Burgl ta ɗora jakarta a cinya ta ɗan buɗe bakinta kamar mai neman hankici. Daga cikin tsohuwar jarida wani guntulallen kunne ya leƙo.

Korbinian ya daɗe yana kallonsa.

"Safar da ka ɓoye shi a ciki ni na saƙa ta," in ji Burgl. "Takalmin kuma ni ke goge shi."

Ya tambaye ta sau nawa aka karya jakin, idonsa a kan taga. Ta ce ita sau biyu, ɗaya da gwiwar hannu, ɗaya kyanwa ce amma ita ta shigo da kyanwar. Marigayi tsohon Fada sau ɗaya, da hannun riga. Na shekara goma sha ɗaya kuwa Zenzi ce, da bokitin wanke daɓe, ta zo mata tana kuka, ita ta raka ta wurin Ignaz.

"Kuka bar ni ina tsayawa gaban jama'a duk shekarun nan."

"Kana jin daɗinsa, tsoho. Mu kuma cocin akwai ɗumi."

Ya ce kuma kakan kakansa fa? Ta ce wataƙila ya sassaƙa wani jaki, ita dai ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ɓare maroni, wani ɗan itace mai ɓawo da ake gasawa a kasuwar, daga ƙunshin takarda ta sa masa a hannu. Ya ci, don da zafinsa, kuma an riga an saya.

Ran Lahadi coci ta cika. Korbinian ya yaye mayafi, ga garke cif, ga jaki a bayan komin jariri yana karkata wuya. Jama'a suka gyara tsayuwa suna jiran jawabi. Fada ya yi gyaran murya. Burgl ta sunkuyar da kai tana duba safar hannunta.

Sannan ya fara. Ya yi magana a kan hannun mutanen da. Ya ce jiya ya je birni da ƙafarsa ya ga jakin da ke waƙa in an danna cikinsa, kuma duk wanda ya ga wannan ya san inda aka dosa. Ya ƙara wa jakin shekara hamsin, babu wanda ya tanka. Da ya gama ya juya ya dubi layin kwamiti, ya ce bana yana so 'yar'uwa Zenzi ta fara shinshinawa, tunda ya ji an ce ta san jakin nan ciki da bai, har da inda ake samun irinsa.

Zenzi ta dubi Burgl. Burgl tana nan tana duba safar hannu. Zenzi ta taso a hankali, ta sunkuya, ta ja numfashi.

"Me kika ji?" in ji Korbinian.

"Turaren wuta," in ji ta.

Da kwamiti ya zauna bayan sabuwar shekara, ba a ta da maganar makullai ba. Ɗaya jakin yana gidan Korbinian, rataye cikin bututun hayaƙi tsakanin cinyoyin alade biyu. Burgl ta ce a bar shi nan, idon maigida ba ƙaruwa yake yi ba, kujerun coci kuma suna da yawa.