Ciwon Labbo Lamba Ɗaya

Ni tun ina aji biyar nake cewa nas zan zama, kuma ta ɗakin gaggawa. Duk na faɗa sai Baba ya yi dariya har buhun albasar da yake zaune a kai ya motsa. "Ke Rahma? Wadda in an yanka kaza sai an yayyafa mata ruwa?" Gaskiya ne, sau biyu hakan ta faru, amma ai ba dole a riƙa faɗa a gaban baƙi ba.

Daga ƙarshe muka yi yarjejeniya. Zan yi mako guda ina kallon aiki a wurin Sista Lydia, maƙwabciyarmu a unguwar Jega Firchin, wadda ke aiki a wani ƙaramin asibiti. In ta ce na dace, Baba zai saya mini fom ɗin makarantar jinya. In ta ce a'a, keken ɗinkin Goggo na jirana, kuma ba zan sake tada zancen ba.

Ranar ƙarshe ta faɗo ranar kasuwa, asibiti ya cika maƙil. Sista ta zaunar da ni a bakin ƙofa da katuna da biro da wani kwali mai fuskoki goma, ta farko na murmushi, ta ƙarshe na kuka.

"Ki rubuta suna, ki tambayi zafin ciwo daga ɗaya zuwa goma, ki jera su. Kuma ki buɗe idonki."

Jerawar na riƙe, na manta da buɗe idon.

Can sai ga Malam Kalilu, dillalin albasa daga Aliero, mutum huɗu na tallabe da shi. Rina ce ta harbe shi a kunne. Na nuna masa kwali.

"Goma?" in ji shi. "Mi ag goma? Ɗiyata, rubuta ɗari! Wayyo uwata!"

Na rubuta goma, na sa shi a sahun gaba.

Bayansa wani dogon makiyayi ya shigo da ƙafarsa, a miƙe, da malafa da sanda, mata uku na biye da shi. Daga wata ruga suke kusa da Gumbin Kure. Na gane daga baya cewa yarinyar cikinsu matarsa ce, doguwar tsohuwar uwarsa ce, gajeriyar kuma surukarsa. Suna tsayawa kowa ya zaɓi bangonsa ya fuskanta.

"Malam, sunanka?"

Ya dubi ƙasa. Ashe a gaban suruka bakinsa ba ya buɗuwa sai da gaisuwa. Na tambayi matar, ta ja mayafi ta rufe fuska, wace ita da kama sunan miji. Na tambayi uwar, ta ɗaga kai tana kallon fanka.

"Inna, ba ɗanki ba ne?"

"Haka mutane ka cewa."

Ɗan fari ne, wato ko a mafarki ba ta ambatarsa. Na rubuta "Mai Malafa", na miƙa masa kwalin. Ya duba fuskokin nan a tsanake, ya ɗora yatsa a kan mai murmushi. Ɗaya ke nan. Na mayar da shi ƙarshen layi, bayan wata mata mai shaƙuwa, har ina jin haushin masu zuwa asibiti yawon buɗe ido.

Ƙudaje ne suka tona asiri. Na ga sun bar kowa sun koma ƙafarsa. Na sunkuya. Innalillahi! Takalmin robarsa na hagu cike yake da jini har yana ambaliya, ga sawu ja tun daga bakin get. Bijimi ne ya soke shi a cinya tun da hantsi, ya naɗe wurin da rawani ya saki riga a kai. Kuma ni, mai son zama nas, na sa shi a bayan mai shaƙuwa.

Kaina ya fara juyawa irin na ranar kaza. Na ciji harshena, na ƙwala wa Sista kira.

Muka kwantar da shi, muka ja labule. Surukar ta ƙi fita. Wai in ta tafi, mutanen ruga za su ce ta guje wa mijin ɗiyarta a kan gado. Ta shimfiɗa zanenta daidai jikin labulen ta zauna.

Sista ta ɗora hannuna a kan ciwon ta ce in danne da ƙarfina duka. Maimakon mutumin nan ya yi ihu sai ya riƙe numfashi, jijiyoyin wuyansa suka fito, idanunsa suka yi waje.

"Ya saki jiki, ya yi numfashi!" in ji Sista. "Haka zai shiɗe mana!"

Ya nuna labule da ido. Na gane: ya gwammace ya mutu da a ji kukansa. Raina ya ɓaci, tsoro ma ya kama ni. Sai na jiyo nishin Malam Kalilu daga waje.

Hannuna na kan ciwon na ɗaga murya. "Malam Kalilu! Na ji ka yi shiru. Sista ta ce tunda ka warke a mayar da kai baya. In da sauran ciwo, matso jikin labule ta ji!"

Kai, Allah ya yi wa bawan nan maƙogwaro. Ya kurma ihun da sai da 'yan kabu-kabu suka leƙo ta taga. A ƙarƙashin ihun, makiyayin ya buɗe baki ya saki nasa. Suka yi ta yi tare, Kalilu na sama, shi yana ƙasa, Sista na ɗinki. Duk wanda ke da kunne ya san murya biyu ce. Surukar ta gyara zama ta ce da ƙarfi, "Wanga ɗan albasa ba ya da kunya ko kaɗan."

Ana gama ɗinki makiyayin ya some. Sista ta ce sai an ƙara masa jini, kuma ba a kai kwalbar gwaji babu suna. Na fito a fusace.

"Inna, babu suna babu jini! Ko in rubuta Mai Malafa a kan likkafani?"

"Ni rakiya na yo," ta ce. Sai ta miƙe. "Gwada mini inda ake alwala."

Muna shan kwana ta damƙe wuyan hannuna. Ta kawo bakinta kunnena ta ce, "Labbo." Na ce na ji. Ta sake faɗa a hankali, "Labbo," hawaye na zuba. Sannan ta naɗe hannun rigarta ta ce in ɗebi duk wanda ake so, amma kada in gaya wa kowa na wa ne.

Bayan la'asar Labbo ya farfaɗo, ya gai da surukarsa, ya ce lafiya lau. Baba ya zo jin hukunci. Sista ba ta ɓoye komai ba.

"Alhaji, 'yarka ta kusa kashe mutum da kwali. Amma shekarata tara a nan, ban taɓa samun sunan ɗan fari daga bakin uwarsa ba. Ka saya mata fom."

Na ɗaga hannu don murna, sai na ga hannun hijabina ja jawur har gwiwa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na farka a ƙasa, ƙeyata na bugawa kamar ana daka a ciki. Baba na tsaye a kaina da buta. Sista ta miƙo mini kwalin nan.

"Daga ɗaya zuwa goma?"

Na dubi Baba. Na ɗora yatsa a kan mai murmushi.

"A kawo gado," in ji Sista.