Ƙanzon Umma

Ni dai Lami, maƙwabciyar su Sadiyya a garin Greenbelt, nan Amurka, ina wurin lokacin da aka ɗauki hoton nan, don haka kada wani ya zo ya ce min Sadiyya ta yi da mugun nufi. Wallahi ba ta yi ba.

Sadiyya likitar yara ce, amma tana da wata jarabar. Da ta samu hutu sai ta hau wannan kundin sani na intanet da kowa ke iya rubutu a cikinsa, tana ta cusa abincinmu: dambu, fate, ɗanwake, kwaɗon rama. Haushinta shi ne 'ya'yanta su nemi miyar kuka a waya su ga babu ko hoto. Duk abin da ta ɗauka kuma sai ta sake shi da lasisin kyauta, wato kowa ya ɗauka ya yi amfani da shi yadda ya so, muddin zai rubuta sunan mai hoton.

Mahaifiyarta, Umma, ta zo daga Zariya ta zauna da su. Mace ce mai ji da kanta, ko shara za ta fitar sai ta yafa mayafi ta fesa turare. Amma a kicin ɗin 'yarta sakewa take yi abinta. Rannan na shiga na same ta zaune a ƙasa, da tsohon zani, ɗankwali ya zame, ta rungume tukunyar tuwo tana kankare ƙanzo. Umma da ƙanzo, sai Allah! Kaji na cikin firji, ita ƙasan tukunya take so, ta jiƙa ta zuba ƙuli da manja.

"Umma, tsaya haka," in ji Sadiyya. "Babu hoton ƙanzo a shafin nan ko ɗaya. In ɗauka in sa?"

"Su wa za su gani?"

"Duk mai son sanin abincinmu."

"To ɗauki mana. Abin da za a ƙaru da shi ai ba a rowarsa."

A zatona Umma ta ɗauka irin aron turmi ne tsakanin maƙwabta: ka ba wanda ka sani, in ka buƙata ka aika a karɓo. Sadiyya kuwa ta ji an ce ɗauki, ta ɗauka.

Bayan 'yan watanni na fito daga jirgin ƙasa na Metro zan koma gida, sai na yi ido biyu da Umma a jikin rumfar jiran bas. Ƙatuwar fosta, Umma ta fi ni tsawo, tana kankare tukunya. Wata ƙungiyar agaji ce ta buga, da rubutun Turanci a sama wai a taimaki tsofaffin da ke kwana da yunwa. Innalillahi! A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, ga sunan Sadiyya cikakke. Sun bi ƙa'idar lasisin tsaf, ba su rage komai ba.

Na yi niyyar rufe bakina, amma ina! Kafin in isa gida wata ta ɗauka ta tura zauren matan Arewa na waya, daga nan ya tsallaka Zariya. Yayan Umma ya kira Muntaka, mijin Sadiyya, yana tambaya cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ko akwai abin da ya gagare su ne a Amurka, a turo musu masara.

Umma ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta kira Sadiyya a gabana ta ce, "Je ki karɓo min hotona."

Sadiyya ta kira ƙungiyar. Mutanen kirki ne, sun ba da haƙuri, sun ce su tukunyar da babu komai suka gani, ba su san abin marmari ba ne. Suka cire fostar. Ta roƙi masu kula da kundin, su ma suka sauke hoton. Sai dai ya riga ya bazu, wannan shafi ya kwafa, wancan ya kwafa daga wancan, kuma lasisin da ta bayar ba a janye shi daga hannun wanda ya riga ya ɗauka.

Sadiyya ta durƙusa ta yi wa Umma wannan bayanin.

"Wato kin bayar da ni," in ji Umma, "kuma ba a karɓowa."

"Umma, na tambaye ki..."

"Kin tambaye ni. Ni kuma 'yata na amsa wa."

Na ji tausayin Sadiyya har cikin raina, na kuma ji haushinta. Duk iliminta, ta san dokar abin nan ciki da waje, ba ta tsaya ta ce wa tsohuwa ta gyara ɗankwali ba.

Umma ba ta koma Zariya ba, tana nan, tana kai jikoki makaranta, tana gaisawa da kowa. Shekaranjiya na leƙa gidan da rana. Tana kicin a tsaye tana tuƙa tuwo, cikin atamfar fita, mayafi har gwiwar hannu, zufa na zubo mata. Sadiyya ta dawo daga asibiti, ta ajiye wayarta can kan tebur a falo kafin ta shiga, yadda ta saba yi yanzu.

"Umma, ki cire mayafin nan, zafi. Ba kowa a gidan sai mu."

Umma ta ƙara jan mayafin ta rufe kafaɗa.

"Na sani," ta ce, ta ci gaba da tuƙi.