Muryar da Balaraba Ta Aro

"Mugu ne, Malam Pwajok! Mutum ya buɗe ƙofar gari da hannunsa, maƙiya sun shiga, ka ce mini mene?"

"Ɗansa ne a hannunsu, Madam. Da ke ce fa?"

Sun koma musu. Saura minti goma a ja labule, malamai biyu suna sa-in-sa a kan mutumin da uwa ba ta haifa ba... Sarkin Ƙofa, na cikin tsohon littafin wasan nan da kowace 'yar aji biyar ke haddacewa saboda jarrabawa. Yau kuma Balaraba ce shi. Gemun auduga yana mata ƙaiƙayi. Rawani ya danne mata kunnuwa, amma bai hana ta ji ba.

Da a jiya ne, da tuni ta koma bayan Madam Nkiruka tana kwaikwayonta, hannu a ƙugu, "Balaraba, kai ba ka jin magana!" 'yan mata suna toshe baki. Waye ba ta ɗauka ba? Firinsifal, har sau biyu tana yankan ciyawa a kanta. Kwandastan motar Tina Junction. Liman in mura ta kama shi. Murya dai, in ta shiga kunnenta, ta samu ɗaki ke nan.

Wannan ta Sarkin Ƙofa kuwa ba ta ɗauko ta ba. Ita ta zo da kanta.

Ranar gwajin farko ce. Ta buɗe baki za ta ce, "Ku fito, gari ya waye" — sai gyaran murya sau biyu. Sai jan ƙafar hagu. Sai babban yatsa yana murza manuni kamar mai laluben bakin zare. Baba. Baba ne sak, Malam Lukuman tela na Nasarawa Gwom, a cikin bakin maci amana. Aji ya ɗauki tafi. Malam Pwajok bai tafa ba, kujera ya nema.

A ina kika samo muryar nan? A rediyo, Malam. Ƙarya, kuma ko ƙifta ido ba ta yi ba. Na taɓa jin ta, in ji shi, ina ɗan shekara tara, a bakin ramin kuza, lokacin yaƙin duniya, tana kiran sunan yayana. Bai ce ko yayan ya dawo ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Kuma shi ne yanzu yake cewa abin tausayi ne. Shi! Ya sani ne? Ko don ya sani ɗin ne?

Ta leƙa ta hudar labule, daidai ido ɗaya. Layi na uku... ga Baba can. Farar riga, hula a miƙe, hannuwa a kan gwiwa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Bai taɓa shiga zauren makaranta ba sai yau. Ya rufe shago ranar Asabar sukutum.

Heluma, aikin Baba a da. A gida ba a faɗin kalmar. Shugaban leburorin kuza, mai sanda, mai tashin mutanen da aka ɗebo dole daga ƙasashen zafi a fitar da su cikin sanyin da ba su san irinsa ba. Inna ta ce tilas ce, shekarunsa ashirin da biyu, in bai fito da mutum talatin ba shi za a ɗaure. Gwaggo ta ce tilas? Tilas ce ta saya masa keke? Tsohon nan kuma da ya tsaya ƙofar shago, Balaraba tana 'yar shekara bakwai, ya tofa yawu a kan keken ɗinki... Baba ya sa gefen rigarsa ya goge. Ya ci gaba da taka keke. Ko ɗago kai bai yi ba.

Mugu yana gogewa ya yi shiru? To wanda aka zalunta fa, yana yi?

Barguna goma duk shekara, in sanyi ya shigo, a kai ƙofar masallaci, kada a ce daga wa. Sadaka ce ko...? A'a. Bari.

Ta gwada wasu muryoyin, Allah ya sani ta gwada. Ta ba Sarkin Ƙofa ta kwandasta, aka yi ta dariya, Madam ta ce wannan ba wasan ban dariya ba ne. Ta ba shi ta Liman, ya ƙi karɓa. Da an kai wurin da zai zare sakata, sai ƙafar hagu ta fara ja da kanta.

Rigar nan ma da ke jikinta shi ya ɗinka. Kwana uku. Yana durƙushe yana daidaita mata tsawo, allurai a baki, ya ce, "Wannan mutumin naki, na kirki ne?" Ta ce ba ta kai ƙarshen littafin ba. Ya ce to. To kawai.

Zai gane. Wa zai kasa gane tarinsa? A ƙarshen wasa 'yan aji uku za su jefe ta da duwatsun takarda, zaure ya yi ihu, Allah ya ƙara! Shi yana layi na uku, hannuwa a gwiwa. In kuma ta karyar da murya, ta sa shi kuka, ta sa iyaye mata su share hawaye... a gaban Malam Pwajok? Da wane ido? Hawayen wa za ta sata ta ba wa?

An buga ƙararrawa. Ƙafarta ta yi nauyi, ta hagun.

"To ga mai shi nan," in ji Madam Nkiruka, tana gyara mata gemu. "Balaraba, kai ne ka sa rigarsa. Faɗa wa Malam. Mugu ne ko ba mugu ba?"

Malam Pwajok yana kallonta. Ba gemun yake kallo ba.

Ta buɗe baki. Ta laluba, ta kwandasta, ta Firinsifal, ko wacce... babu kowa a ciki. Sai tata, 'yar siririya, wadda ta manta tana da ita. Abu ɗaya ta sani tabbas a kan Baba.

"Ba ya cin kuɓewa," ta ce.