Ƙafa Ɗaya a Wajen Layi

Roscoe Pettway ya dawo garinmu ranar Laraba da jar akori-kurarsa da haƙorinsa na gwal, kamar ba shi ne ya bar mini jariri a hannu bayan rasuwar 'yata ba. Jaririn shi ne Quindell, wanda yanzu yake ajin ƙarshe a sakandare, kuma a wasan ƙwallon Amurka da ake ɗauka da hannu, shi ke karɓar ƙwallo idan abokan hamayya suka bugo ta daga nesa. Ni ba na ƙaunar Roscoe, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Amma yaron nan tun da ya ga motar a ƙofar gida bakinsa ya ƙi rufuwa.

Roscoe ya taɓa buga ƙwallo a jami'a, kuma kaf Alabama babu wanda bai cika wa kunne da labarin ba. Ya kwashi ɗan nasa zuwa bayan gida, ya shimfiɗa igiyar shanyata a ƙasa a matsayin layin gefe, wai zai koya masa dabarar manya. Idan aka bugo ƙwallo ta zo tana gangarawa dab da layi, kada ka ɗauka. Ka fitar da ƙafa ɗaya waje, sannan ka miƙa hannu ka taɓa ta. Shi ke nan ta zama ƙwallon da ta fita, laifi ya hau kan masu bugowa, a matsar da ku can gaba ko gumi ba ka yi ba. Ina suyar tarwaɗa ina jiyo dariyarsu ta taga, raina na sosuwa.

Ranar Asabar da hantsi, muna hanyar filin wasa ni da Quindell, ya gaya mini gaskiya. Dabarar tana ci a jami'a da wajen ƙwararru, amma a sakandare haramun ce. Koci Gaddis ya ja musu kunne tun farkon kakar wasa cewa duk wanda ya fita da gangan ya taɓa ƙwallo, ƙungiyarsa ya jawo wa hukunci. Na ce to me ya hana shi gaya wa uban nasa?

"Kaka, don Allah ki bar maganar," ya ce. "Ita kaɗai ya taɓa koya mini. In na ce masa ba ta aiki, zaman me zai yi?"

Ya ƙara da cewa ai da wuya ƙwallo ta bi ta nan.

Wasan ƙarshe ne, wanda ya ci shi zai wuce gasar jiha. Roscoe ya ƙi hawowa bencin 'yan kallo ya zauna kamar kowa, ya je ya kafe a jikin wayar shingen fili a kusurwarmu, yana nuna wa mutane lambar rigar ɗansa. Duk sanda aka bugo ƙwallo sai in riƙe numfashi, sai ta faɗo tsakiyar fili in sauke ajiyar zuciya. Haka muka yi ta yi har dab da tashi, baƙin da muke karawa da su suka sha gabanmu da ɗan ƙaramin rata, suka jeru za su bugo.

Iska ta kwashi ƙwallon nan ta yi gefe da ita. Ta daki ƙasa, ta yi tsalle irin na rashin mutunci, ta shiga gangarawa a bakin layi, ta ƙi fita ta ƙi shigowa, har ta zo gaban Roscoe. Quindell ya iso kanta. Ƙartin baƙin sun taho a guje, ina jin dukan ƙafafunsu har inda nake. Ya dubi ƙwallo, ya ɗaga kai ya dubi ubansa.

"Ƙafa waje, ɗana! Ƙafa waje!"

Na ga yaron ya yi jim. Sannan ya ɗaga ƙafar dama ya ajiye ta bayan farin layi, ya sunkuya ya ɗora tafinsa a kan ƙwallo.

Ƙyallen alƙalin wasa mai ruwan ɗorawa ya yi sama, alamar an yi laifi. Roscoe ya ɗaga hannu biyu yana murna, a zatonsa baƙin aka kama. Sai alƙali ya nuna ɓangarenmu, aka yi ta ja da mu baya har bakin gidanmu a ƙarshen fili. Koci Gaddis ko kallon Quindell bai yi ba, benci kawai ya nuna masa.

Roscoe ya hau alƙalin gefe da masifa. Mutumin ya amsa masa a sanyaye cewa wannan dokar jami'a ce, nan kuwa sakandare ce, kuma kowane yaro a filin ya san haka. Roscoe ya juya wajen bencin 'yan wasa. Ban ji abin da ya tambaya ba, amma na ga Quindell ya gyaɗa kai. Mutane suka fara ƙus-ƙus suna nuna Roscoe da baki. Ya jawo hularsa ya rufe ido, ya nufi wajen ajiye motoci. Kowa na kallon fili, jikana yana kallon ƙeyar ubansa.

Ban san yadda na sauko da wannan gwiwar tawa mai ciwo ba. Na tarar ya riga ya tayar da mota, na je na tsaya a gabanta na dafa ta da hannu biyu.

"Mama Odessa, ki matsa. Na kashe masa wasa."

"Yana sane ya yi, Roscoe, don kada ka tafi. In tafiyar za ka yi, ta kaina za ka bi."

Daga fili aka busa tashi, baƙin suka kaure da sowa. Ya daɗe yana riƙe da sitiyari kafin ya kashe injin.

"Me zan ce masa?"

"Ba sai ka ce komai ba. Je ka tsaya inda zai gan ka idan ya fito."

Ya sauko, ya bar ƙofar a buɗe. Na jira ya yi nisa, na leƙa ciki na zare makullin na jefa a jakata.