Guguwa Ba Zai Koma Fili Ba

Saura minti biyu a tafi hutun rabin lokaci Guguwa ya tashi sama zai sa wa ƙwallo kai, ɗan bayan 'Yan Gada shi ma ya tashi. Ƙarar haɗuwar kawunansu har a benci sai da aka ji ta. Likita ba ta jira alƙalin wasa ya gama ɗaga mata hannu ba, ta suri jakarta ta ruga cikin fili.

Shekararta tara tana duba 'yan wasan 'Yan Masaƙa, amma tun tana goye ta san filin nan. Mahaifinta ne golan ƙungiyar na farko, lokacin da ma'aikatan masaƙa suka kafa ta, suna ɗinka jajayen riguna da ragowar yadi. Bayan shekara shida aka yi yajin aiki, kamfani ya sallami rabin 'yan wasan. Waɗanda aka sallama suka tsallaka gada, 'yan kasuwa suka saya musu korayen riguna, suka zama 'Yan Gada. Masaƙar ta daɗe da rufewa, har ciyawa ta cinye harabarta, amma har yau 'Yan Gada na kiran 'Yan Masaƙa yaran manaja, su kuma suna kiran 'Yan Gada korarru.

Shi kuwa Guguwa a tsallaken gada ya taso. Shekara bakwai yana ci wa 'Yan Gada ƙwallo, sai bana ya sa jar riga. Ga shi yau 'Yan Masaƙa na bakin faɗawa rukuni na biyu, ga shi ɗazun nan ya samu raga ba kowa ya ɗaga ƙwallon sama. Tun daga lokacin magoya baya ke ta gunaguni.

Ta same shi ya riga ya tashi zaune, yana ture hannun kowa.

"Lafiyata lau, Anti. Ku bar ni."

Aka busa usur. Ta riƙo hannunsa suka nufi ƙofar shiga ɗakunan sauya kaya. Suna isa mararraba sai ya zame ya yi hagu, wajen ɗakin baƙi, ya bi bayan masu korayen riguna. Sai da ta janyo shi. Mutanen da ke zaune a saman ƙofar sun gani, nan take ihu ya tashi: "Kun gani ko! Ɗan gida ya tafi karɓar umarni!"

A ɗakinsu ta zaunar da shi kan teburin tausa, ta haska masa ido da 'yar tocila. Koci na gefe yana ta zane a allo, 'yan wasa na shan ruwa.

"Wane fili muke?"

Ya faɗa daidai.

"Da wa muke wasa?"

"Da Masaƙa mana," ya ce, har da 'yar dariya. "Yau sai mun kora su gida."

Kyaftin ya ajiye gorar ruwansa, ya miƙe a hankali.

"Me ya ce?"

"Zauna," in ji Likita, ba ta ko juyo ba. "Bai san abin da yake faɗa ba. Kansa ne ya bugu." Ta dubi Koci. "Nemi wanda zai canje shi. Asibiti za mu."

A daidai lokacin aka turo ƙofa. Shugaban ƙungiya ne, ƙanen mahaifinta, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar uban har ta gama karatu. Ya dubi Guguwa sama da ƙasa.

"To ai ga shi zaune daram. Ko jini babu."

"Baffa, jinin ciki nake tsoro."

Ya ja ta gefe, bayan kabad ɗin takalma, ya rage murya.

"'Yata, saurara. Kin ji abin da ake faɗa a waje? In yaron nan bai fito ba, cewa za a yi ya sayar da mu. Gidansa za su je. Matarsa na can da jariri. Ki bar shi ya yi ko minti goma, mutane su gan shi, sai a cire shi. Don shi nake faɗa."

Abin da ya fi damunta shi ne ta san ba ƙarya yake yi ba. Ta taɓa ganin yadda aka yi wa motar wani gola kaca-kaca saboda ƙwallo ɗaya.

"Minti goman nan, in wani ya sake taɓa kansa, a filin zai faɗi. Ba zan sa hannu ba."

"Ubanki da karyayyen yatsa ya tsare mana raga a kan korarrun nan!"

"Yatsa ne, Baffa."

Guguwa ya sauko daga tebur, yana laluben takalmin da ke ƙafarsa. "Zan buga, Shugaba. Wallahi zan buga." Ya yi taku uku, ya dafa bango, sai amai.

Baffa ya kau da kai. "A ba shi ruwa ya wanke baki. Zafi ne."

Likita ta dube shi. Sai ta buɗe ƙofa ta fita, ta wuce kai tsaye ɗakin alƙalan wasa ta ƙwanƙwasa. Ba a taɓa yin haka a ƙungiyar ba, a kai maganar cikin gida gaban baƙo. Ta gaya wa alƙali Guguwa, mai lamba tara, ya samu buguwar kai, ba ta yarda ya koma ba, ta rubuta ta sa hannu.

Da ta dawo, Baffa na tsaye a bakin ƙofa.

"Kin kai ƙarata."

"Na kai rahoto."

"Za mu yi magana." Ya wuce ta.

Aka kwantar da Guguwa a motar asibiti. Direban ya tayar, ya nufi babbar ƙofa, sai ya taka birki. Labari ya riga su fita. Wasu masu jajayen riguna sun sauko sun tare ƙofar, suna dukan ƙarfen da hannu. Wata gora ta fashe a gilashin gaba.

"Anti, nan ba hanya," in ji direban. "Sai ƙofar baya."

"To mu bi ta can."

"Bayan rumfar 'Yan Gada ce fa. Su ma jiransa suke."

Ta dubi Guguwa. Idonsa ɗaya ya fara lumshewa, maganarsa ta fara jan harshe.

"Juya."

Motar ta zagaya a hankali ta gefen fili, ana tsakiyar wasa. Suna isa ƙarƙashin rumfar kore aka fara: "Maci amana! Maci amana!" Wajen mutum talatin suka diro suka kewaye motar, suna jijjiga ta. Likita ta leƙa ta taga, ta hango wani ƙato rataye da ganga. Ta san shi. Yayan Guguwa ne, shi ke jagorantar masu kiɗan 'Yan Gada, kuma tun da ƙanen ya sauya riga ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ta buɗe ƙofar baya ta tsaya a kan matakala, da jar rigar aikinta. Ruwan leda ya same ta a kafaɗa.

"Mai Ganga! Zo ka ga ƙanenka!"

"Ba ni da ƙane a cikin yaran manaja!"

"To zo ka gan shi, in ka gama sai ka faɗi haka."

Ya ɗan tsaya, sannan ya kutso yana huci, ya leƙa ciki. Guguwa ya buɗe ido da ƙyar.

"Yaya," ya ce, "ka gaya wa Inna ta ajiye min abinci."

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Inna. Mai Ganga ya dubi Likita, fuskarsa ta canja. Ya cire gangar ya miƙa wa na kusa da shi, ya juya ya buɗe hannuwa.

"Ku matsa! Na rantse duk wanda ya sake taɓa motar nan da ni zai yi!"

Shi da kansa ya fizgi makulli a hannun mai gadi ya buɗe ƙofar, sannan ya faɗo cikin motar, ya riƙe ƙafar ƙanensa har asibiti. A hanya rediyon direba ya sanar 'Yan Gada sun zura ɗaya.

Hoto ya nuna jini ya taru a ƙarƙashin ƙashin kai, aka wuce da shi tiyata. Kafin a rufe ƙofa Likita ta kira matar Guguwa ta ce ta ɗauki jaririn ta koma gidan iyayenta yanzu-yanzu. Ta yi sa'a. Da yamma aka farfasa tagogin gidan, ba kowa ciki.

Rana ta kusa faɗuwa likitan tiyata ya fito ya ce an dace, sai dai ƙwallo kam bana ba shi ba ita. A lokacin ne Baffa ya iso, hularsa a hannu. An tashi 'Yan Gada na da ɗaya da nema. Ya ga Mai Ganga zaune da koriyar riga, ya zaɓi benci na nesa.

"Kwamiti zai zauna a kanki jibi," ya ce. "Mutum huɗu sun ce a sallame ki."

"To."

"Ni ban ce komai ba tukuna." Ya juya hular. "Da gaske da ya mutu?"

"Haka likitan ya ce."

Sai ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mata.

"Auna min jinin nan. Tun ɗazu kaina ke sarawa."

Ta ciro abin awo daga jaka ta ɗaura masa. Da ta ga lambar sai ta sake aunawa.

"Baffa, ka sha maganinka yau?"

"Wa ke tuna magani ranar wasan korarru?"

Mai Ganga ya ɗago kai.

"Baffa, kai ma ba inda za ka, gado za a ba ka," in ji ta. Ta miƙe ta tafi neman nas.