Babban Yatsan Gwaggo Pocha

"Mama, me ya sa Gwaggo Pocha ba ta shafa jan farce sai ranar da mai rabon ruwa zai zo?"

Mili ce ta yi tambayar, bakinta cike da burodi, da muryar da har maƙwabta za su iya ji. Gwaggo Pocha, wadda ta kai ƙoƙon shayin mate bakinta ke nan, ta ƙware. Ta shiga tari tana dukan ƙirji, tana ta tura ƙafafunta ƙarƙashin kujera. Amma ina! Yatsun suna nan jajir cikin buɗaɗɗen takalmi, a safiyar da kowa a gidan ya sa safa.

Yayanta, Baba Evaristo, yana tsaye bakin rumfar inabi, ya jingina da manjagara. Dariya ta kusa kayar da shi.

"Ba ta amsa mana, Pocha. Ni ma na daɗe ina son tambaya, tsoron bakinki ya hana ni."

"Tsohon banza! Je ka ji da ganyenka."

Noelia, matar ɗansa kuma uwar Mili, ta cije leɓe don kada tata dariyar ta kuɓuce. Ita ce za ta wuni da Gwaggo a kicin, ta san abin da dariya za ta jawo mata. Ta goge wa 'yar baki da gefen zane.

"Ba a tambayar manya irin wannan. Tashi ki gaida Bartolo, ki ga ko ya fito shan rana."

Bartolo kunkuru ne. Marigayiya matar Baba Evaristo ce ta zo da shi gidan tun tana amarya, saboda haka ya girmi mijin Noelia, kuma yana tafiya a tsakar gidan kamar ya san da haka. Dabbobin gidan nan dama babu mai cin abincin Allah da Annabi. Kyanwarsu ba ta kallon kifi, amma ka buɗe tulun zaitun za ka gan ta ta faɗo daga kan katanga tana kuka kamar an yi mata mutuwa. Shi kuwa Bartolo abu in ba ja ba ne, to ba abinci ba ne. Ka ba shi latas, ya taka ya wuce. Ka ba shi kankana, ya cinye jan ya bar maka sauran. Tumatir, jan fure, murfin kwalba in ja ne, duk ya gwada. Abin da ya fi ƙauna kuwa shi ne ja mai motsi, shi ya sa tsakaninsa da ƙafar Gwaggo Pocha akwai tsohuwar gaba.

Mili da shi ta koyi rarrafe. Suna tsere a ƙarƙashin rumfar, wani lokacin ma shi yake cinyewa. Har yanzu ba ta barci sai ta je ta ƙwanƙwasa bayansa ta ce masa sai da safe.

Ba a jima ba ta dawo da gudu.

"Mama, ba ya ƙarƙashin famfo. Ba ya bayan tanda. Ba ya ko'ina!"

Noelia ta miƙe zumbur. Tun makon jiya ta tanadi akwatin katako, ta cika shi da busasshiyar ciyawa a ɗakin ajiya, inda Bartolo yake barcinsa na hunturu kowace shekara. Ta ce bari ta ƙara masa 'yan kwanaki tunda yana ɗan cin abinci. To jiya sanyi ya sauko daga duwatsu ba sallama. Itatuwan alamo na bakin hanya, da suka koma rawaya, suka zubar da rabin kayansu a dare ɗaya, rumfar inabi ma ta bi sahu. Kuma ta san abin da kunkuru yake yi in sanyi ya riske shi a waje: ganye yake nema ya kutsa ciki.

Ta ɗaga kai ta dubi lambun. Tun asuba Baba Evaristo yake shara. Ya kwashe ganyen magudanar ruwa, ya tattara na lambu, ya jera su tsibi-tsibi, kowanne ya kai ƙugun mutum. Na can ƙarshe, kusa da itacen zaitun, hayaƙi yake yi.

Ba ta san lokacin da ta suri bokiti ba. Ta tsallake kyanwa, ta tsallake kunyar albasa, ta sheƙa wa tsibin ruwa, ta faɗa kansa da hannu biyu tana tonawa. Toka ta cika mata fuska. Ganye, ganye, wani tsohon takalmin roba. Babu kunkuru. Ta zauna daɓas a ƙasa tana haki.

"Ke 'yar nan, lafiyarki?" Baba Evaristo ya iso yana ɗingishi. "Da ƙyar na samu wutar ta kama!"

"Baba, Bartolo yana cikin ɗayansu."

"Wane Bartolo? Wannan tsohon ɗan duniyar? Ya ga zubar ganye tun ba a haife ki ba. In ya ji zafi zai fito."

"Da wace ƙafar, Baba? Shi da yake wuni kafin ya kai bakin ƙofa?"

Tsoho ya sosa ƙeya, amma bai sauko ba. Shi ma da tasa gaskiyar. Yau ce ranar ruwansu, da la'asar mai rabon ruwa zai buɗe musu magudanar da ke shayar da lambunan unguwar. Ga shi sararin sama wajen duwatsu ya yi wani irin ja-ja, alamar Zonda, iskar nan mai ɗumi da ƙarfi, tana hanya. In aka watsa ganyen nan iska ta same shi, duk cikin magudana zai koma, ya toshe ta, ruwa ya malale a hanya, maƙwabtan ƙasa su tashi ba ko ɗigo. An taɓa yi, kuma har yau akwai gidan da ba sa amsa gaisuwarsa.

"Ni dai ba mai watsa min abin da na tara da wannan bayan nawa," in ji shi. Ya laluba aljihu ya fito da ashana. Tsibin da ke gabansa ma ya riga ya yayyafa masa kananzir a ka.

Noelia ta dubi Mili. Yarinyar tana tsaye, idonta a kan ashanar. Noelia ta hango abin da za a tarar cikin toka gobe da safe, ta kuma san wa zai fara ganinsa, don Mili ce mai tashi da wuri ta zagaya lambu. Tun da ta zo gidan nan ba ta taɓa musu da surukinta ba. Ta miƙa hannu cikin ladabi kamar za ta taya shi, ta karɓe ashanar, ta jefa ta cikin wuyan rigarta.

"Ka yi haƙuri, Baba. In na ga Bartolo zan ba ka."

Tsoho ya buɗe baki, ya dubi inda ashanar ta shiga, ya mayar da bakin ya rufe. Daga rumfa Gwaggo Pocha ta rangaɗa shewa.

"Yau ka gamu da daidai kai! Sa hannu ka ɗauko mana, jarumi!"

Noelia ba ta tsaya dariya ba, lissafi take yi. Rana ta fara zafi, in Bartolo yana kusa da gefen tsibi, ɗumin zai motsa shi. Ba sai an watsa ganye ba. A buɗe ɗan rami a gindin kowane tsibi ta wajen rana, a nuna masa abin da ba ya iya haƙuri da shi. Sai dai jan tumatir duk sun dafe shi sun ɗure a kwalabe tun watan jiya, wanda ya rage a jikin itace kore ne shar. Kankana ta ƙare. Furannin bakin taga sanyin jiya ya kwantar da su. Ta juya tana dube-dube, gida guda babu ja.

Sai idonta ya sauka ƙarƙashin kujerar Gwaggo.

"A'a," in ji Gwaggo Pocha, tun ba a ce komai ba. "A'a, Noelia. Kada ma ki fara."

"Gwaggo, ɗan motsa su kawai za ki yi."

"Wancan karon sai da na yi mako ina tafiya kamar agwagwa! Ki shafa wa naki jan farcen mana."

"Kafin ya bushe ruwa ya iso. Kuma ai naki ya sani."

"Gaskiya ne," in ji Baba Evaristo, wanda fushinsa ya gudu nan take. "Duk garin nan shi kaɗai ne namijin da ya taɓa bin ki da gudu."

Gwaggo ta wawuri cokali za ta jefe shi. Mili ce ta tare ta. Ta zo ta dafa gwiwarta, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Gwaggo, in ya cije ki zan hura miki."

Gwaggo Pocha ta dubi sama, ta kira sunan Maryama da na waliyyai biyu-uku, sannan ta tuɓe takalmi.

Haka aka yi jerin gwano a lambu. Mili a gaba da 'yar kujera a ka. Noelia tana durƙusawa tana buɗe rami da hannu. Gwaggo ta zauna, ta tattare siket, ta zura ƙafa, ta shiga kaɗa yatsu tana kawar da kai kamar mai jiran allura. Baba Evaristo a baya yana ba da umarni: "Ƙara motsi! Haka ake kiran miji? Ba mamaki!" Kyanwa ma ta biyo su, ta zauna tana kallo.

Tsibi na farko, shiru. Na biyu, wani ƙwaro ya hau ƙafar Gwaggo, ta yi tsalle ta kifar da kujera, Mili ta manta da kuka ta faɗi ƙasa tana dariya. Na gaba, shiru. Iska mai ɗumi ta fara kaɗa saman itatuwa, ganye ɗaya-ɗaya suna tashi daga kan tsibin. Noelia ta ji ashanar tana sukar ta a ƙirji. Saura wanda aka zuba wa kananzir.

Gwaggo ta zura ƙafa ke nan sai aka ji ƙararrawar keke a bakin shinge.

Don Ceferino ne, mai rabon ruwa, da babban mabuɗinsa na ƙarfe a kafaɗa da gashin bakinsa da ya sha mai. Ya cire hula zai yi gaisuwa, hannun ya tsaya a sama. Ga Noelia baƙi ƙirin da toka. Ga tsoho yana riƙe da ciki. Ga Pocha, wadda bai taɓa gani ba sai a tsaye cikin kamala tana miƙa masa ƙoƙon mate, zaune a kujerar yara, siket a gwiwa, ƙafa ɗaya cikin shara.

"Barkanku da rana," in ji shi a hankali. "Ko in dawo?"

"Barka kadai, Don Ceferino," in ji Gwaggo da wata siririyar murya, tana gyara gashi. "Muna ɗan... shan iska ne."

Daga nan ta ƙwalla ƙarar da ta tayar da tsuntsaye har gonar maƙwabta.

Ta fizgo ƙafar. Ga Bartolo nan maƙale da babban yatsa, ganye a ka kamar hula, idonsa a lumshe don daɗi, ƙafafunsa huɗu suna iyo a iska.

"Bartolo!" Mili tana tsalle tana tafi. "Mama, ya kama! Ya kama!"

"Ku cire min shi! Evaristo, ɗan banza, daina dariya ka cire min shi!"

Baba Evaristo ba ya iya ko miƙewa. Don Ceferino ne ya yar da keke, ya haure shinge, abin da ba wanda ya san zai iya, ya durƙusa ya tallafi diddigen Gwaggo da hannu ɗaya. Noelia ta riƙe kunkurun tana shafa masa ƙarƙashin wuya har ya ga dama ya saki.

Don Ceferino bai saki ƙafar ba. Ya ciro hankici yana ɗaure yatsan a tsanake.

"Ban ga laifin dabbar nan ba," in ji shi, kunnuwansa sun yi ja. "Ni ma duk ranar ruwa sai na lura da yatsun nan."

Gwaggo Pocha ta sunkuyar da kai tana gyara siket.

"Mama, kin gani?" in ji Mili da ƙarfi. "Ashe saboda shi ne!"

Noelia ta toshe mata baki da hannu ɗaya, ta zaro ashana da ɗayan ta miƙa wa surukinta. Ya ƙyasta, wuta ta tashi fuu a tsibin da Bartolo ya fito, cikin ƙiftawar ido ya zama toka. Tsoho ya tsaya yana kallon wurin, dariyarsa ta ɗauke. Ya cire hula, ya miƙa yatsa ya shafa bayan kunkurun matarsa.

An ƙone ganye kafin iska ta yi ƙarfi, ruwa ya wuce salin-alin har gidajen ƙasa. Noelia ta wanke Bartolo da ruwan ɗumi har warin kananzir ya fita, Mili ta kwantar da shi cikin akwatinsa, ta ƙwanƙwasa bayansa ta ce masa sai bazara. Sai a lokacin ne Noelia ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ajiya tana dariya, hawaye yana wanke mata toka. A rumfa kuwa Don Ceferino yana kan ƙoƙon mate na ban san adadi ba, mutanen unguwar gaba suna can suna jiran ruwansu.

To ke mai karatu, kai ma haka: in ganye ya fara zuba kuma akwai ƙaramar dabba a gidanku, ku shigar da ita ɗaki tun daren sanyin farko, kada ku ce sai gobe. Kuma kada wanda ya ƙyasta ashana a kan tsibin ganye sai ya zura hannu har gindinsa ya duba. Yaro ne zai fara ganin abin da ke cikin toka, kuma ba kowane gida ne yake da Gwaggo Pocha ba.