Kafaɗar Matar Almu

Tun zuwan farko ban yarda da tsohuwar nan ta Kebbe ba. Mai magani ba ƙullin gari, ba jiƙo, ba hayaƙi, ko rubutun sha babu, sai hannu kawai? Ni Tambaya na haifi tara na binne huɗu, ban taɓa ganin ciwon da shafa ta kora ba.

Mai ciwon 'yata ce ta fari. Ba na kiran sunanta, haka muka tashi muka tarar, sai dai in ce matar Almu. Shekara biyu kafaɗarta ta dama na ƙage. Hannun ba ya ɗaguwa sama da ƙirji, ba daka, ba jan guga, 'yarta Rabi'atu ma sai an ɗora mata a baya an ɗaure mata zanen. Almu ya kai ta asibiti Sakkwato aka ɗauki hoto, likita ya ce ƙashi lafiya lau. Wanzami ya yi ƙaho har fatar wurin ta zama kamar rariya. Hannun sai ƙara shanyewa yake. Tsorona kada ta ƙare da hannu ɗaya tana da ƙuruciyarta. Da jinyar ta yi tsawo aka dawo min da ita gida nan Tambuwal.

Wani abokin aikin Almu a kamfanin da ke shimfiɗa kwalta ne ya ba shi labarin Inno, wata Bafillatana mai tausa. Duk ranar kasuwar Kebbe sai ya ɗauki matarsa a sabon babur ɗinsa su tafi. Zuwan farko ta dawo idanu jawur. Zuwa na biyu na tambaye ta me aka ba ta, ta ce ba komai. Me aka ce mata? Ba komai. Zuwa na uku ne hankalina ya tashi. Na miƙa hannu zan gyara mata ɗankwali, sai ta kauce, ta kare kafaɗar da hannun hagu, tana min wani kallon da ban san ta da shi ba.

Na zauna ina saƙawa ina kwancewa. Ko girkar bori ake yi mata a ɓoye, mu da muke gidan malamai? Ko tsohuwar ta ce mata uwarta ce ta yi mata wani abu? Masu irin wannan sana'a ba sa rasa wanda za su ɗora wa laifi, kuma yawanci tsohuwar gida ce ke shan sa. Da Almu ya zo gaisuwa na tare shi a zaure.

"Mi tsohuwag ga taka yi wa matakka?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi Goggo, ni waje nika zama. Kuka dai nika ji."

"Kuka? Ana sa matakka kuka kana zanne kana ɓarar gyaɗa?"

Na ce kasuwa mai zuwa da ni za a je.

Muka bi akori-kura, hanya ta jijjiga mu har ƙugu ya yi tsami. Bukkar Inno na gefen gari. Ina shiga na fara zazzare ido: ba garaya, ba turare, ba jan zakara, ba layu a rataye. Tabarma ce, da buta, da carbi, da ƙoƙon man shanu. Wannan ma ya ƙara min zargi, na ce a raina an ji ina zuwa an kwashe kaya.

Inno 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai kafaɗata ba. Ta dube ni ta ce, "Ke ta uwatta? Zamna nan inda taka ganin ki."

Ta kwantar da matar Almu a gefen hagu, ta yi bisimilla, ta narka man a tafinta. Ba ta ma nufi kafaɗar ba, daga tsakiyar baya ta fara, tana hawa a hankali. Na kasa kunne in ji ko za ta ambaci sunan wani aljani. Abin da take faɗa kawai, "Ja numfashi. Sake shi."

Na ce, "Wagga ita ta tausar? Ko kaza aka shafa haka ba ta sanin an taɓa ta."

Ko kallona ba ta yi ba. Da hannunta ya kai tsakanin wuya da kafaɗa, sai jikin yarinyar ya kama rawa. Na miƙe zumbur.

"Ga shi nan! Na sani! Iskoki kika kira mata!"

Inno ta ce, "Ba iska ba ta. Kullum nan hannuna ka tsayawa. Naman wurin ya dunƙule kamar an damƙe shi ba a saki ba. Sau ukku ina tambayatta wa yad damƙe ta, ta ƙi faɗi."

Ni kawai yarinyar take kallo.

Na koma na zauna. Shekara biyu da suka wuce wata tifa mai ɗaukar tsakuwa ta take ɗanta Abdulhamidu a bakin sabuwar hanya, yana shekara huɗu. Aka shigo da shi cikin tabarma, gidan cike da dangin miji. Na ga ta buɗe baki za ta kurma ihu. Ina bayanta, na damƙi kafaɗarta da duk ƙarfina har farcena ya shiga, na raɗa mata, "Ɗan fari na. Kada ki kunyata mu." Ta haɗiye. Kwana uku ana karɓar gaisuwa ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, mata suna yaba ta, suna yaba ni da na ba ta tarbiyya. Na ji daɗin yabon nan, ba zan ɓoye ba. Bayan mako guda ta ce kafaɗa na ciwo, na ce sanyi ne.

Inno ta kamo hannuna. Na fizge, ta sake kamowa, ta shafa masa mai ta ɗora a wurin. Yatsuna suka zauna daidai inda suka taɓa zama. Naman ya yi tauri kamar ƙwallon goriba.

"Kada ki matsa," in ji Inno. "Aza kawai."

Na ce, "Yi kukanki, yarinya." Sai jikinta ya ƙara sandarewa a ƙarƙashin tafina, na gane tsorona take ji, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai. Shekara ashirin da shida da haihuwarta sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ya yi min nauyi, amma na faɗa.

"Asma'u. Kira shi, Asma'u."

Ta kira shi. Ta kira Abdulhamidu da muryar da sai da matan maƙwabta suka leƙo, Almu ya taso ya tsaya a bakin ƙofa. Kunya ta kama ni, na ji yatsuna suna neman sake dunƙulewa. Na cije na bar su a buɗe. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, ni ma nawa hawayen suna zuba a kan zanenta.

Inno ta ce ba yau za a gama ba, mu dawo kasuwa mai zuwa, mu biyu. Da za mu fita Rabi'atu ta fara rigima a hannun ubanta. Asma'u ta duƙa aka ɗora mata ita, ta kai hannun dama baya tana yatsine fuska, ta jawo bakin zanen da kanta. Ƙullin bai yi kyau ba, ya karkace, ga shi sako-sako. Na miƙa hannu zan gyara mata, sai na mayar da shi cikin mayafina.